Takalmin da matata ta saya mini da kuɗin adashinta yana cin ƙafata

Assalamu alaikum Baba. Ni haifaffen Makka ne, iyayena mutanen ƙasar Kano, shekarata 34. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal kusa da Harami, tsayuwar awa takwas a kan marmara. Wata biyu da suka wuce aka ƙara mini girma, aka ce daga yanzu sai kwat da baƙin takalmi sau-ciki. Matata ta kwashi adashinta ban sani ba, ta bi yayanta zuwa Jidda, ta sayo mini takalmin fata ɗan Ingila a kan riyal 2,300. Lambar kuwa a takalmin da nake fita masallaci ta duba, ta ga 43. A cikin sabon an rubuta 9 da harafin F. Ranar da ta miƙo mini kwalin har da hawayen murna ta yi.

Baba, takalmin nan yana cin ƙafata. Makon farko dunduniyata ta yi bororo. Ƙaramin yatsana na dama ya fara kanta. Wajen ɗaurin igiya yana danne mini doron ƙafa, kafin la'asar yatsuna sun yi sanyi kamar ba nawa ba. Mai kantin ya ce wa yayanta fata ce, za ta buɗe. Wani abokin aikina ya ce in jiƙa shi da ruwa in yini a ciki. Yanzu mako uku ke nan ina fita da shi daga gida don ta gani, in na isa otal in canza da wani tsoho da nake ɓoyewa a jaka. Kullum da safe ita take goge shi. Na rasa bakin gaya mata. In daure ne har ya buɗe, ko yaya zan yi?

Ɗanka daga Makka.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, a karo na biyun na daɗe a kan maganar jakar nan da kake ɓoye tsohon takalmi. Zan dawo kanta. Bari mu fara da ƙafar, domin sai ka san ainihin abin da ke tsakaninta da takalmin za ka san abin da za ka faɗa wa matarka.

Kuskuren ya shigo ne tun daga lambar, kuma kowa zai iya yin sa. Buɗaɗɗen takalmi irin na zuwa masallaci mai yafiya ne. Ko ya ɗan yi maka kaɗan, yatsa ya leƙo gaba, dunduniya ta ɗan sauka baya, gefen ƙafa ya zubo, ba ka jin komai. Mutum zai shekara ashirin yana cewa 43 yake sawa alhali bai taɓa tsayawa an auna shi ba. Sau-ciki kuwa ɗaki ne mai bango huɗu da rufi, duk inda ƙafa ta fi shi sai ta ji.

Sannan ka dubi irin ƙafarmu. Kai da ka tashi a Makka, rabin rayuwarka a silifa ka yi ta, sauran rabin ba takalmi, a kan darduma, a tsakar gida, a wajen ɗawafi. Ƙafar da ta girma haka yatsunta sukan baje, gabanta ya yi faɗi kamar mafici, kuma lafiyarta ke nan. Shi kuma takalmin Ingila a kan wani gunkin ƙafa na katako ko roba ake ɗinka shi, wanda masu sana'ar a nan ke kira ƙalib. A kansa ake ja fatar, a bar ta kwanaki har ta ɗauki siffarsa. Kowane kamfani yana da nasa iri-iri, wani mai tsinin baki, wani mai zagaye, wani mai tudu a doro, wani shafaffe. Takalmi biyu za su zo da lamba ɗaya daga kamfani ɗaya, ɗaya ya zauna maka daram, ɗayan ya hana ka sallamar kirki. Tsadar da matarka ta biya ta ingancin fata ce da ɗinki da aikin hannu. Ba ta sayo dacewa da ƙafarka ba, don wannan sai da gwaji.

Kakana baduku ne a Kano, kuma har yau ina ganinsa a idona. In mutum ya zo ɗinkin takalmi ba ya tambayarsa lamba. Sai ya ce masa, "Tashi tsaye, Malam, ka saki jikinka." Ya sa shi ya taka wani ɓallen takarda, ya zagaye ƙafar da alƙalami, dama daban hagu daban, sannan ya ɗauko zare ya naɗe doron ƙafar ya ƙulla alama. In mutum ya ce ai a zaune ma ya isa, sai ya girgiza kai ya ce ƙafar zaune ba ita ke tafiya ba. Mu ba baƙi ba ne a harkar fata. Jar fatar akuyar Sakkwato da ayari ke ketare Sahara da ita, ita Turawa suka riƙa kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Abin da ya ɓace mana kawai shi ne wancan tsayuwar a kan takarda.

Game da 9 da F ɗin da ka gani: 9 lambar Ingila ce, ta tsawo, kuma ita ake yawan daidaitawa da 43 ta sauran Turai. Amma ma'aunan biyu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Tsakanin lamba da lamba a Ingila sulusin inci ne, wajen milimita 8.5, a ma'aunin Turai kuwa wajen milimita 6.7 ne. Don haka canjin kintace ne kawai. Harafin shi ne faɗi, kuma shi mutanenmu ba sa kula da shi. A kamfanoni irin su Church's da Loake, F matsakaici ne, G mai faɗi. Crockett & Jones kuma matsakaicinsu E ne. 'Yan Amurka nasu matsakaicin D ne, su hau zuwa E da EE da EEE. Ke nan akwai alamar abin da ke hannunka na mai matsakaiciyar ƙafa ne, kai kuma daga bayaninka ƙafarka mai faɗi ce mai tudu.

Yau da dare, bayan ka dawo aiki ƙafa ta gama kumburin yini, ka yi gwajin kakana. Ka sa safar da kake zuwa aiki da ita, ka taka takarda a tsaye, a zagaye maka ƙafa biyun. Kada ka yi mamaki in ɗaya ta fi ɗaya, yawancin mutane haka suke, kuma da babbar ake sayen takalmi. Sai ka sa takalmin ka ɗaure, ka miƙe. Abu na farko da za ka duba gaba ne: tsakanin yatsanka mafi tsawo da ƙarshen takalmin a ciki ya kamata a sami sarari kamar faɗin ɗan yatsan hannu, kuma ka iya motsa yatsun. Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Ka taɓa ƙashin nan na gindin babban yatsa, inda ƙafa ta fi faɗi, inda take lanƙwasawa in za ka yi taku. Dole ya zauna daidai inda takalmin ya fi faɗi. In ya wuce gaba ya shiga inda bakin ya fara tsukewa, takalmin ya yi maka gajarta ko da yatsanka bai taɓa gaba ba. Na uku, ka dubi leɓɓan fatar nan biyu da igiya ke haɗawa. In 'yar tsaga ce siririya a sama, ba laifi, za ta rufe a hankali. In kuwa yatsu biyu na hannunka suna kwanciya a tsakani, rufin ɗakin ya yi wa ƙafarka ƙasa.

To, yanzu ciwukanka uku. Ba hukuncinsu ɗaya ba.

Bororon dunduniya shi ne mafi sauƙi, kuma ina sa ran ya riga ya fara wucewa. Yawancin takalman Ingila masu irin wannan farashi ɗinkin Goodyear ake musu, sunan Charles Goodyear ƙarami, wanda kamfaninsa ya yaɗa injin wannan ɗinki. Ana ɗinka fatar sama da wata siririyar fata da ta zagaye takalmin, ita kuma a ɗinka ta da tafin ƙasa, tsakiyar a cika ta da garin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi. Amfaninsa, in tafin ya cinye a farke shi a sa sabo, takalmi ya yi shekaru. Wahalarsa, sabonsa kamar allo yake. Da yake tafin bai koyi lanƙwasa ba, duk takun da ka yi dunduniyarka ce ke ɗagawa ta bar takalmin a ƙasa, tana gogar bangon baya. In tafin ya yi laushi, garin nan na ciki ya kwanta ya ɗauki sawunka, gogar takan ragu ko ta daina. Takalman Italiya da yawa ɗinki ɗaya ake musu daga ciki zuwa ƙasa, shi ya sa suke da taushi tun ranar farko. Kai laifinka a nan gaggawa ce. Takalmi irin wannan awa ɗaya ko biyu ake fara sa shi, a huta kwana ɗaya, a ƙara. Kai kuwa ka ɗauke shi daga kwali ka kai shi tsayuwar awa takwas.

Ƙaramin yatsa yana tsakiya. Maganar mai kanti cewa fata za ta buɗe rabin gaskiya ce. Fatar maraƙi tana saki ta gefe, amma 'yan milimitoci ne kawai. Ta tsawo kuwa ba ta ƙaruwa ko kaɗan, domin tafin a ɗinke yake, kuma a bakin takalmin da bayansa akwai tauri da aka saka a tsakanin fatu don kada siffar ta rushe. In matsin yana bayan wannan taurin, inda fata ke da laushi, mai gyara zai iya ba yatsanka wuri. In a cikin taurin yake, abin da za a samu kaɗan ne. In kuma fatar irin mai ƙyallin nan ce kamar madubi, wadda aka shafe da wani ruɓi a sama, kusan ba ta saki sam.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku. Yatsu su yi sanyi, ka daina jin su, wannan jijiya ce ake dannewa, jini ma ba ya gudu yadda ya kamata. Ba a daure wa irin wannan. Gajiya da ɗan zafin sabon takalmi suna wucewa, mutuwar yatsu kuwa saƙo ne daga jiki cewa a cire. Ina zaton takalmin naka irin wanda ake kira Oxford ne, wanda gindin leɓɓansa ke ɗinke a ƙarƙashin fatar gaba. Shi aka fi sawa da kwat, shi ya fi kyan gani, kuma shi ya fi rowar wuri ga mai tudun ƙafa. Ɗan'uwansa Derby leɓɓansa a sake suke daga sama, suna buɗewa kamar ƙyauren ƙofa, igiya ce ke yanke hukuncin matsi. Da ni aka tambaya kafin a tafi Jidda, baƙin Derby mai faɗi zan ce a sayo maka, kuma ba manajan otal ɗin da zai tsaya bambance su.

Shawarar abokin aikinka kada ka bi ta. Na san ana yi, sojoji ma sun daɗe suna yi wa manyan takalmansu. Amma fata mai tsada in ta sha ruwa ta bushe a zafin Makka sai ta yi tauri, ta yi tabo, daga baya ta tsage a wajen lanƙwasa. Ƙafar da ta yini a jiƙe kuma fatarta laushi take yi, bororo ya samu hanya. Haka nan kada ka kanga shi a wuta, kada ka bar shi a mota da rana, kada ka shafe shi da man zaitun ko man shafawa na jiki. Man takalmi na ainihi kaɗan ya isa.

Abin da za ka yi shi ne ka nemi mai gyaran takalmi na ƙwarai, wanda ke da ƙarfen buɗawa, ba mai facin silifa a bakin titi ba. Kafin ka je, ka sa takalmin ka yi alama da alli daidai inda yake cizon ka. Shekarun baya na kai wani nawa wajen wani dattijo a tsohon garin Jidda, na zauna ina kallo. Ya shafa wani ruwa a cikin takalmin, ya ɗauko ƙafar katako mai rabe biyu, ya soka mata wani ɗan ƙulli kamar ƙwallon dabino daidai wajen allin, ya zura ta ciki. Yana murɗa maƙullin a hankali yana shafa fatar da babban yatsa, kamar mai duba ƙurji ko ya nuna. Da ya ji ta ɗaure sai ya tsaya, ya ce in dawo jibi. Na ce ya ƙara murɗawa mana mu gama yau. Ya ce in fata ta ji an matsa mata da yawa ɗinki ne ke amsawa. Sau biyu na koma kafin ya zauna mini, kuma na shekara bakwai ina sa shi. Kai ma ka ce a buɗa maka gefen dama, a kuma ɗaga doron, akwai ƙarfen da ake yin wannan da shi daban. Kana dawowa ka sake zaren igiyar, ka tsallake ramin da ya faɗo daidai kan ƙashin doronka, ka sa safa marar kauri. Kada ka ƙara shimfiɗar soso a ciki don neman taushi, ɗakin da ya yi kaɗan ba a ƙara masa katifa.

Sai ka ba shi mako biyu, awa ɗaya zuwa biyu, yau a sa gobe a huta. In bayan haka yatsun suna nan suna mutuwa, magana ta ƙare, takalmin ba naka ba ne. Kuma in kana da ciwon suga, ko yana gidanku ba ka taɓa gwadawa ba, ka je a duba ka kafin ka sake zura ƙafa a ciki. Mai suga yakan daina jin ciwon ƙafa, ɗan bororo ya zama gyambo bai sani ba. Ga mai wannan larura ba zancen a jira takalmi ya buɗe.

Akwai kuma abin da masu ɗinka shi a Northampton, garin ɗinkin takalmi na Ingila, ba su lissafa da shi ba, wato sallah. Bature yana ɗaure igiyarsa da safe, sai dare ya kwance. Kai a yinin aiki ɗaya za ka cire sau biyu ko uku, ka yi alwala, ka mayar. Nan ne takalman mutanenmu ke mutuwa. Ana iƙama, mutum ya fizge shi bai kwance igiya ba, an sallame ya tura ƙafa da ƙarfi yana taka bangon baya har ya karye, kuma in wannan bangon ya karye dunduniya ba ta sake samun mazauni. Ka sayi cokalin sa takalmi, ɗan ƙarami na aljihu, ka riƙa kwance igiya duk lokacin cirewa. Ka ajiye ƙaramin tawul ka tsane ƙafa har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa. Silifa kuma ta zauna a ma'ajiyarka ta otal don zuwa alwala da Harami. Takalmin riyal 2,300 ba na ajiyewa a ƙofar masallaci ba ne a lokacin Umara.

Ko da ya gyaru, ban ba ka shawarar ka mai da shi na kullum ba. Fata tana shan gumin yini, tana buƙatar kwana ɗaya cur ta bushe a inuwa, da ƙafar katako a ciki don kada ta yamutse. Tafin fata zalla a kan marmara kuma santsi gare shi, ba ya rage wa gwiwa da baya nauyin tsayuwa. Mai gyara zai iya manna masa siririyar roba a ƙasa. Amma mai tsayuwar awa takwas yana buƙatar takalmi biyu da zai riƙa juyawa, ɗaya aƙalla mai tafin roba. Wannan tsohon da ke cikin jaka ba abin kunya ba ne, abokin aikin sabon ne, in dai a fili yake.

Mu dawo kan jakar.

Ɗana, na san abin da ya sa ka yi haka. Ka ga hawayenta, ka san watanni nawa ta yi tana zubi, tana hana kanta ɗan turare da ɗan mayafi, ka ji ba za ka iya ɓata mata wannan ba. Niyyarka mai kyau ce, ban raina ta ba. Amma ka tsaya ka dubi abin daga wajenta. Kullum da safe tana durƙusawa tana goge takalmin da kai ka san nan da rabin awa cire shi za ka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana za ta buɗe jakar tana neman caja, ko ta lura mako bakwai tafin bai ci ba, ko matar wani abokin aikinka ta yi suɓutar baki a wajen suna. Ranar ba za ta yi kukan takalmi ba. Za ta tuna kowace safiya ɗaya bayan ɗaya, ta ji an mai da ita yarinya ana lallaɓa ta, kuma za ta tambayi kanta me kuma kake ɓoyewa don kada ranta ya ɓaci. Yau in ka faɗa, baƙin cikin kwana ɗaya ne ko biyu.

Kuma ka tuna don me ta saya. Ta so ka tsaya a gaban baƙi da mutunci ne, ƙafarka cikin jin daɗi. Macen da ta ba da adashinta saboda ƙafarka ita ce ta fi kowa haƙƙin sanin halin da ƙafar ke ciki.

Kada ka faɗa da safe kana sauri, kada kuma a gaban yayanta ko yara. Ka bari bayan isha, an ci abinci, gida ya yi shiru. Ka ɗauko takarda da alƙalami ka ce ta zo ta taya ka wani abu, ita za ta zagaye maka ƙafar. In ta tambayi dalili sai ka nuna mata yatsan, ka ce mata, da irin sunan da kake kiranta in kuna ku biyu: "Kyautar nan ba a taɓa yi mini irinta ba, shi ya sa na kasa gaya miki yana matsa mini. Na yi mako uku ina canzawa a wajen aiki. Ban kyauta ba, ki yafe mini. Ina so mu gyara shi tare." Ka faɗi maganar jakar da bakinka a zaman nan, kada ka rage ta don wani lokaci. Kada ka ce "kin sayo ƙarami". Lambar da ke jikin takalminka ta bi, ba ta da wata hanyar sani. In ta yi shiru ko ta yi kuka, ka bar ta, kada ka cika ta da bayanin ƙalib da milimita a daren. In ta ce me ya sa ba ka faɗa tun ranar farko ba, lokacin da za a iya canzawa, gaskiya ta faɗa, ka amsa laifinka kawai.

Maganar mayarwa, kada ka sa rai da yawa. Kantuna ba su cika karɓar takalmin da tafinsa ya taɓa titi ba. Duk da haka ku nemo rasiɗin ku tambaya kafin a kai wa mai gyara, domin in an buɗa shi wannan ƙofar ta rufe. In gyaran bai yi ba, takalmi irin wannan da kwalinsa yana da masu nema a Haraj, kasuwar gwanjo ta intanet, za ku mai da wani abu ko da bai kai rabin kuɗin ba. Ko kuma, in akwai wani a danginta ko naka da ya zauna wa daidai, ku ba shi. Amma wannan ita za ta yanke, kuɗinta ne, kyautarta ce. Kada ta wayi gari ta ga takalmin a ƙafar ƙaninka.

In Allah ya hore za a sake saye, ku tafi tare, da yamma, lokacin da ƙafa ta kai girmanta. Ka tafi da safar aikinka. Ka ce a auna ka a tsaye, ƙafa biyu. Manyan kantuna sukan ajiye wani ma'aunin ƙarfe da ake kira Brannock, wanda wani Ba'amurke ya ƙera tun wajen shekarun 1920, yana ba da tsawo, da faɗi, da nisan dunduniya zuwa gindin babban yatsa. Ka tambayi mai faɗi da bakinka, don ba kowane mai kanti ke fito da shi ba sai an nema. Ka ɗaure igiya ka yi ta zagaya kantin minti goma, kada ka ji kunyar yaron kanti. Ya kama ƙafa ko'ina kamar musafaha, ba inda yake cizo. In aka ce maka zai buɗe, ka ce a kawo wanda ya riga ya buɗe.

Allah ya saka wa matarka da alheri, ya ƙara muku rufin asiri. Ka gaishe ta. Bayan mako biyun ka rubuto mini yatsu nawa ke shiga tsakanin leɓɓan, da abin da mai gyara ya ce game da doron, sannan ka gaya mini wa ya riƙe alƙalamin.